Rijiyar Kakanka Ba Ta Jiranka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wagga takarda ta fito daga hannun mahaifinka, Ladan marini na karofin Wurno, zuwa ga ɗansa Haliru da ke masauki gidan kawunsa a Rabah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ta iske ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Uwarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka gaishe mini da kawunka da mutanen gidansa, ka ce na gode da riƙon baƙo. Allah shi tsare ka zaune da tafe, shi raba ka da mugun ji da mugun gani.

Bayan haka, ba labarin gari za ni ba ka ba. Gero ya yi, wake ya yi, akuyar uwarka ta haihu, shi ke nan. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami, ni da na daɗe rabona da shi, wata magana ce ta iso kunnena. An ce ranar da za ka bar gida ka je ka durƙusa gaban Bappanka Sanda, yayana, Sarkin Marina, ka ce mishi rani ɗaya tak za ka yi wurin Baturen nan, da ruwan fari ya sauka ka komo ka karɓi rijiyar rini ta kakanka. Ni ba ka faɗa mini ba, don ka san mi za ni ce. To ga shi za ni ce a takarda, inda ba ka da damar sunkuyar da kai ka ce "to, Baba" ka sulale.

Na san aikin da anka ɗauke ka. Baturen da 'yan gari sunka laƙaba ma Dogo Mai-Tambaya, wata babbar makaranta ta ƙasarsu ta aiko shi bin diddigin 'yan cin rani. Su wa ke tafiya, ina suke zuwa, wace sana'a sunka fita da ita, wace sunka koyo can, wa ya gaji ubansa, wa ya bari. Kai ne tafintansa, za ku zauna mashigin Kwara inda ake ƙetarewa zuwa Kurmi, kuna tare mutane kuna tambaya. Ka gama Midil a Sakkwato, ka komo ka zauna kana taya ni tsoma tufa, kana ji kana gani anka raba aikin akawu na En'e ga ɗiyan masu sarauta, waɗanda kai kake koya ma lissafi. Yanzu Allah ya buɗe ƙofa guda, kai kuma tun ba ka shiga ba ka fara auna hanyar komowa. Haba Haliru! Tun da tambayar mutane za ka yi, fara da ubanka. Ga amsata, ko ba ka tambaya ba.

Ina saurayi, gemu bai fito ba, na bi 'yan cin rani na garinmu har Badun. Dako na fara, sannan ga-ruwa. Cikin masu sayen ruwana akwai wani tela Bayarabe, Baba Lamidi, mai keken ɗinki irin na ƙafa. Wata rana na iske shi da wani yadi baƙi, na murza shi da yatsa, na ce wanga rini ba ya kai wanki biyu. Ya ce ƙaƙa na sani. Na nuna mishi hannuwana. Da yadin ya zuba kamar yadda na faɗa, sai ya kira ni ya ce, "Ɗan Hausa, aje tulu, zauna nan."

Wallahi, ranar da ƙafata ta fara taka keken ga, ban taɓa jin daɗi irin nata ba, har aure. Ban daɗe ba na iya miƙe ɗinki, na iya yanka jamfa, na fara kwance keken ina mayarwa. Baba Lamidi ba ya yabon mutum, sai dai ya tura mini aikin da ya fi wuya ya kau da kai. Ya ce in na ƙara shekara za shi tsaya mini in sami keke nawa.

Sai ga fataken goro da saƙo daga Yaya Sanda. Ba mutuwa anka yi ba, ba ciwo ba. Cewa ya yi rijiyata ta bushe har kwaɗi na kwana ciki, 'yan karofi na ta dariya wai ɗan marini ya zama baran Bayarabe, tsohonmu ba ya iya ɗaga kai cikin tsara. Ya rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka san abin da na ce ma Baba Lamidi? Na ce, "Damina ɗaya za ni yi in komo." Ka ji ko? Bakinka da nawa iri guda. Tsohon ya dube ni ya girgiza kai, ya ci gaba da taka kekensa, ko rakiya bai yi mini ba. Na komo, na zuba rijiya, masu dariya sunka sami wani abin dariyar cikin mako guda. Damina ta wuce anka ce bari kaka, kaka ta wuce anka yi mini aure, sai ga ciki, sai ga ka. Ban ƙara ganin Badun ba.

Yau dubi karofinmu. Akoko da atamfa na kanti sun cika kasuwa, 'yan mata sun daina tambayar turkuɗi, rijiyoyi da dama an kife su da murfi ba mai buɗewa. Telan da ke kasuwar Wurno baƙo ne, ga Salla mutane har faɗa suke bakin rumfarsa. In na bi ta nan na ji ƙarar keken, ƙafata ta dama motsi take ita kaɗai. Uwarka ta sha tambayata mi ke damun ƙafar, ina ce mata sanyi ne. Don haka ka ji da kyau. In saƙo ya iske ka cewa ina ciwo, ka bincika. In an ce na mutu, ka yi mini addu'a inda kake, ka zo in hanya ta yi. Amma in an ce ana dariya, bar su su yi har haƙoransu su bushe. Ban taɓa ganin kabarin wanda dariya ta kashe ba.

Kuskurena na biyu ya fi wanga muni, don na farko kaina na cuta, na biyu wani na cuta. Kana goye lokacin. Wani mutum ya zo karofi daga Shinaka, sunansa Mode. Makiyayi ne, ciwon shanu ya share mishi garke, ko maraƙi bai tsira ba. Ya tsaya da sandarsa, ya yi sallama, ya ce shi ba bara ya zo ba, a koya mishi rini, za shi yi ɗibar ruwa da toka har sanda anka yarda da shi. Ka san al'adarmu. Rijiya daga uba sai ɗa, ba a ba ɗan haye, wato wanda bai gaji sana'a ba ya hau ta da rana tsaka. Yaya Sanda ya ce rini gado ne. Sauran sunka ce gado ne. Mutumin ya juyo wurina, don ya ji labarin na taɓa fita na koyi sana'ar da ba tamu ba. Ya ce, "Kai fa, Malam Ladan? Ai kai wani ya taɓa ce maka zauna."

Na ce mishi, "Koma ka nemi nagge, nan ba ruga ba ce." Anka fashe da dariya, ni ne na fi kowa. Ya saɓa sandarsa ya tafi.

Ba kishin gado ya sa ni ba, ƙarya nike in na ce haka. Haushi ne tsagwaronsa. An hana ni fita, ni ma sai in hana wani shiga. Tun daga nan nike ganin Mode ranar kasuwar Achida, shina dakon buhunan albasa, wuyansa ya kafe, furfura ta fito mishi ƙarƙashin kaya. In ya hango ni shi ke fara gaisuwa, ni kuwa in rasa inda za ni sa idona.

Za ka gamu da irin Mode da yawa bakin ruwan nan. Masunci na Goronyo da ya koma gini, ɗan malam da ke wanki da guga, maƙeri da ya koyi gyaran mota. Kada ka dube su da idon 'yan karofi, wai sun ɓata. Kuma kada ka tsaya ga tambayar Bature kaɗai. Shi za shi ce a tambayi mutum mi ubansa ke yi, mi shi ke yi, ya rubuta ya wuce. Kai ƙara da taka. Tambaye shi mi ya so ya koya, wa ya hana shi. Ni in da an tambaye ni sana'ata, marini za ni ce, ubana marini, a rubuta ga wanda ya gaji ubansa lafiya lau. Wa za shi san akwai tela kwance cikina? Ka gaya ma Dogo in bai tambayi wanga ba, rabin magana ya kwasa.

Na uku kai ma kana wurin. Ranar da Dogo ya zo karofinmu ya gwada ka, ya ce ka tambaye mu aikinmu. Kowa ya sha jinin jikinsa, an ɗauka sabon haraji za a aza ma masu sana'a. Yaya Sanda, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, shina tsaye bakin rijiya, ya ce, "Mu manoma ne, ranka shi daɗe." Duka munka ce manoma ne. Ni ma na ce, a gaban ɗana. Wanga bai dame ni ƙwarai ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mun ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza, shi ma da tambaya ya fara. Abin da ya hana ni sakewa shi ne hannuwanka. Tun da kunka iso har kunka tafi suna cikin aljihun riga. Ko alƙalami da Dogo ya miƙo maka, da yatsu biyu ka karɓa ka mayar.

Na yi fushi, sannan na tuna wa ya koya maka. Ranar da za a kai ka makarantar Sakkwato, ni na zaunar da kai bakin gulbi, na dirje maka hannu da yashi da lemun tsami har fata ta yi ja, kana kuka ina cewa yi shiru, kada ɗiyan sarakai su gane. Ni na sa maka kunyar ga, ni kuma za ni cire ta. Fitar da hannuwanka, Haliru. Shunin da ke farcenka halal ne, da shi anka ciyar da kai. Kuma ka yi tunani, mutumin da ya fito daga Taloka da ƙunshin tsummansa, wani mai farar riga da takarda ya tare shi bakin ruwa, mi za shi ce? Manomi ne shi, kamar yadda munka ce. Amma in ya ga farcenka, za shi san wanga ɗan gida ne, ya taɓa tsayuwa cikin rana. Gaishe shi tukuna, tambayi mutanen gidansa, ba shi ruwa, sannan ka tambayi aikinsa.

Shi kuma Dogo, ban ce ka mayar da shi uba ba. Na ga mutum ne mai haƙuri, ya zauna bisa turmi bai share ba, amma Bature Bature ne, da abin da ya kawo shi, ranar da ya samu za shi naɗe tabarmarsa. Dube shi ido cikin ido ka tambaye shi ina maganar mutane ke zuwa. In makaranta za ta, madalla. In ka ga ta bi hanyar mai karɓar haraji ko mai ɗiban lebura, aje mishi alƙalaminsa ka nemi wani aiki, ban haifi ɗa don a yi farautar talakawa da bakinsa ba. Kuma kada ka yarda ka zama baki kawai, shi faɗa ka maimaita. Baki ana sake shi ko yaushe. Sa ido ga yadda shike tsara tambaya, yadda shike tara amsoshi ya fitar da magana guda, da injin nan na buga rubutu da yaransa ke ɗauka a akwati. Ce a koya maka. In an ƙi, sake cewa gobe. Ni na kwance keke na mayar, kai ma ka kwance aikin ga ka ga cikinsa, yadda ranar da Dogo ya hau jirgi za ka tashi da sana'a a hannu, ba da takardar yabo kaɗai ba. Daga nan in Kaduna ce, tafi. In Ikko ce, tafi. Ka tsare salla, ka tsare cikinka daga haram, sauran ƙasa duk ta Allah ce.

Na san ka. Za ka karanta duk wanga ka ce Baba ya yi gaskiya, sannan ruwan fari ya sauka ka tuna alkawarin da ka yi ma Bappanka, ka tuna rijiya na kife tana jiranka, ƙafarka ta juyo gida. Ni ma haka ta juyo da ni. Muddin ramin ga na nan da sunanka, ba za ka yi nisa ba. Shi ya sa ban tsaya ga nasiha ba.

Ran kasuwar Achida da ta wuce na je na nemi Mode. Na iske shi ya sauke buhu shina shan iska. Na tsuguna gabansa, ni da shi duk furfura, na ce, "Mode, na zo biyan magana. Har yanzu kana son rini?"

Ya ce, "Malam Ladan, wasa da tsoho ba kyau."

Na ce, "In wasa nike, Allah shi hana ni ganin ɗana."

Ya ce wuyansa ya gaji, amma hannu da saura.

Shekaranjiya da hantsi, karofi cike, na shigo da shi. Na ɗauke murfin rijiyar kakanka, na sa ya ɗebo ruwa, munka zuba toka da baban rini, na ɗauko muciyar da tsohonmu ke motsawa da ita na damƙa mishi. Yaya Sanda ya taso, rawani na warwarewa, ya ce, "Ladan, ka haukace? Wagga rijiyar Haliru ce!"

Na ce, "Yaya, Haliru na da aiki."

Ya ce, "Kyan ɗa ya gaji ubansa!"

Na ce, "Ya gaje ni. Ni fita na so, shi ya fita."

Ya ce ni na tozarta kabarin ubanmu, na sa ɗan haye cikin gado, abin da ba a taɓa yi ba tun da anka kafa garin ga. Na ce rabon tsohonmu da anka raba, rijiyar ga hannuna ta faɗo, ko gaban alƙali haka ne. Na nuna mishi waɗanda ke kife jere, na ce ga gado nan kwaɗi na ci, ko su ma 'yan gida ne? Tun ina yaro ban taɓa mayar mishi da magana ba sai ranar. Kuma ban janye ko kalma guda ba.

Ya rantse ba shi ƙara cin tuwo da ni. Ya kuwa cika rantsuwarsa. Jiya da rana anka kawo akussan tuwo, kowa ya ja nasa ya koma inuwar Sarkin Marina, anka bar ni ni da Mode bakin rijiya. Abin ya yi mini ciwo, ɗan'uwa ɗan'uwa ne, ciki guda munka fito. Uwarka ta yi kuka, ta ce na rufe ma ɗanta ƙofa. Na ce mata ƙofar gida na nan buɗe, ɗakinka na nan, tuwonka na nan duk ranar da ka zo ganinmu. Rami kaɗai na rufe maka. Da safen ga kumfa ta fara tasowa bisa rijiyar, Mode ya tsoma hannu ya fitar, ya tsaya shina kallon yatsunsa sun fara sauya launi. Dattijo da jikoki, sai ga hawaye. Na kau da kai na ce motsa da kyau, ƙasa ake kaiwa.

To ka ji. Alkawarin da ka yi ma Bappanka ya warware, don abin da ka ce za ka komo ka karɓa yanzu da mai shi. In za a yi zagi, ni za a zaga, kuma na saba. Kada ka rubuto kana ba kowa haƙuri a madadina, kada ka komo sulhu. Ni da yayana mun san inda za mu gamu, ko bakin kabarin wani ne. Kai dai in Dogo ya kai ga tambayar nan tasa, wa ya gaji ubansa wa ya bari, ce ya fara rubutawa da gidanmu: marini guda ya sallami ɗansa, ya ɗauki makiyayi.

Allah shi kai ka lafiya, shi ƙetarar da kai ruwa lafiya. Allah shi haɗa ka da mutanen kirki, shi kare ka daga sharrin mai mulki da sharrin mai hassada, shi sa albarka ga abin da hannunka za shi koya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini yashin nan da lemun tsami. Mai albasan da za shi kawo maka takardar ga na jira bakin ƙofa, jakinsa ya ƙosa. Za ka ga shuni gefen takardar inda na dafa, daga karofi na taso ban wanke hannu ba. Kada ka goge.

Wassalam. Mahaifinka, Ladan.